Ɗan Kasuwa Matafiyi Da Zaɓen Filin Ƙwallon Lambu

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan jakar sandunan ƙwallon lambu, wato wasan da Turawa ke kira golf, ta shiga cikin kayan da waɗansu attajiranmu da manyan ma'aikatan bankuna ke ɗorawa a jirgi idan tafiya ta kama su. Tambayar da sukan yi wa juna ita ce, wane fili ne ya cancanci mutum ya buga idan ya sauka a gari kaza? Amsar da aka fi ji kuwa ba ta wuce sunayen filayen Dubai da na Turai. A ganina wannan amsa ta masu yawon shaƙatawa ce. Ɗan kasuwa kamata ya yi ya zaɓi fili kamar yadda yake zaɓen rumfa a kasuwa, ya dubi su wane ne ke bi ta wurin, sa'an nan ya dubi abin da za ta ci masa.

Dalili kuwa shi ne, wasa guda na ramuka 18 yakan cinye kimanin sa'o'i huɗu, kuma galibi mutane huɗu ne ke tafiya tare daga ramin farko har na ƙarshe. Babu wani manajan darakta a Legas da zai ba baƙo sa'o'i huɗu a ofishinsa. In an yi sa'a ya ba da minti goma sha biyar, sakatare na leƙowa. Amma a fili, shi da kansa ne zai nemi a yi ta hira. Wannan lokaci shi ne hajar da ɗan kasuwa ke saya idan ya biya kuɗin shiga fili, ciyawa da tafkuna ƙari ne kawai. Saboda haka filin da ya fi kowane kyau a duniya, in babu wanda kake nema a cikinsa, asarar yini ce.

Idan aka bi wannan ma'auni, Ikoyi ce ke kan gaba. An kafa kulob ɗin Ikoyi a 1938 bayan haɗewar kulob ɗin Turawa da na 'yan ƙwallon lambu na Legas, kuma har yanzu a tsakiyar unguwar masu bankuna da kamfanonin inshora da na mai yake. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tuddan da za su ba da sha'awa, amma yana da tarihin da ba a raina shi. A nan ne Sandy Lyle na Birtaniya ya ci gasar Najeriya a 1978, wadda ita ce nasararsa ta farko a matsayin ƙwararre, a nan ne kuma Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci wannan gasa a 1988, tun duniya ba ta san sunansa ba. A 1981 Peter Tupling ya kammala ramuka 72 da bugu 255 kacal, abin da ya shiga littattafan tarihin wasan. Sai dai fa Ikoyi gidan mambobi ne. Baƙo ba ya faɗawa haka kawai da jakarsa. Ko dai wani mamba ya gayyace shi, ko kuwa ya zo da takarda daga kulob ɗin da yake da yarjejeniyar karɓar juna da su. Wannan takarda, wadda sakataren kulob ɗinka zai rubuta maka cikin minti biyar, ta fi sababbin sanduna amfani, kuma abin mamaki ita ce mutanenmu suka fi mantawa.

Wanda harkarsa ta koma ɓangaren Lekki kuwa, musamman tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi da matatar man Ɗangote a 2023, ya fi masa sauƙi ya nufi filin Lakowe da ke kan hanyar Epe, maimakon ya ƙare safiyarsa cikin cunkoson motoci yana neman Ikoyi.

A Abuja babu dogon zaɓe. Filin IBB, wanda aka buɗe a 1991, shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas, shi ne matattarar manyan sakatarori da jakadu da 'yan kwangila. Fili ne mai tuddai da ƙoramu, yana gajiyar da wanda bai saba da tafiyar ƙafa ba. A nan ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta: inda jami'in gwamnati da mai neman kwangila suka keɓe sa'o'i huɗu babu magatakarda, to akwai abin tsoro. Sanin mutum da samun amincewarsa halal ne, kuma shi ne amfanin wasan. Amma maganar farashi da takardun neman kwangila a bar ta sai an koma ofis, inda za a rubuta a sa hannu. Kwangilar da aka ƙulla a bakin rami na goma sha takwas takan rushe ranar da aka sauya minista, wani lokaci ma ta ja mai ita zuwa gaban masu bincike.

Filin da na fi son a ba muhimmanci, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne na Rayfield a Jos. Turawan haƙar kuza ne suka kafa shi a 1913, kuma ana lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a ƙasar nan. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka mutum zai iya buga wasa da hantsi ba tare da rana ta gasa shi ba, abin da ba ya yiwuwa a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu. Tarihin tattalin arzikin Filato a rubuce yake a ƙasar unguwar, domin ramukan da masu haƙar kuza suka bari, waɗanda suka zama tafkuna, suna nan ko'ina. Ga mai sayen dankalin Turawa ko kayan lambu ko ma'adinai, ga kuma kamfanin da ke neman inda zai kai manajojinsa taron kwana biyu, Jos ta fi Dubai ma'ana nesa ba kusa ba. Haƙiƙa rikice-rikicen da suka auku a jihar tun daga 2001 sun rage mata baƙi, kuma wajibi ne matafiyi ya tambayi halin da hanya take ciki kafin ya tashi. Amma duk kuɗin da aka kashe a can, daga na otal har na yaron da ke ɗaukar jaka, a aljihun 'yan ƙasa yake zama.

Kano da Kaduna ma suna da tsofaffin filayensu tun zamanin Turawa. Na Kano yana kusa da unguwar masana'antu ta Bompai, na Kaduna kuwa ya dace da wanda ya je bikin baje kolin duniya da ake yi a garin kowace shekara. Waɗansu kan raina filayen Arewa saboda sun taso da al'adar dandamalin yashi da ake cakuɗawa da baƙin mai a kewayen rami, a maimakon ciyawa. Masanin tattali ba zai raina wannan dabara ba. A ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata shida ko bakwai, shayar da ciyawa kullum kuɗi ne mai yawa, ruwan kuma ana bukatarsa a gidajen jama'a. A Kudu maso Kudu, inda ruwa ba matsala ba ne, akwai filin otal ɗin Ibom kusa da Uyo, wanda aka buɗe a 2007. Masauki da fili a wuri guda suke, kuma jiragen Ibom Air na zuwa daga Abuja da Legas.

To, ina batun ƙasashen waje? Ba na cewa haramun ne. Filin Emirates da ke Dubai, wanda aka buɗe a 1988, shi ne na farko mai ciyawa a yankin Gabas ta Tsakiya, kuma duk wanda ya gan shi zai jinjina wa masu shi. Sai dai a yi lissafi. Kuɗin Dubai, wato dirhami, a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan dirhami 3.67 kan kowace dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ma'ana, ko da masu fili ba su ƙara ko sisi ba, kuɗin wasa ɗaya ya ninka fiye da sau uku ga mai samun kuɗinsa da naira, kuma a lokacin sanyi manyan filayen can ɗaruruwan daloli suke karɓa. Idan abokin cinikinka Balarabe ko Ba'indiye ne ya gayyace ka, ka je, kuɗin ya shiga lissafin kasuwanci. Idan kuwa kai kaɗai ne za ka je domin a ɗauke ka hoto, to ka sani jarin kwantena kake gutsura.

Haka lamarin yake ga masu zuwa bikin baje koli na Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba. Mission Hills da ke yankin Shenzhen yana da filaye 12 a haɗe, amma zuwa da dawowa da wasan za su cinye yini guda daga cikin 'yan kwanakin da biza ta ba ka. Mai zuwa Accra ya fi samun sauƙi, domin filin Achimota a cikin gari yake. Wanda kuma Allah ya kai shi Sikotilan yana son ya taka tsohon filin St Andrews, ya sani ba a wasa a cikinsa ranar Lahadi, gurabe da dama ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, kuma sai ya nuna takardar shaidar matsayinsa a wasan.

Ko a gida ko a waje, a buga wa sakatariyar kulob waya kafin a tashi, domin gasa ko aikin gyara kan sa a rufe fili ga baƙi. A nemi gurbin sassafe, bayan sallar asuba, yadda za a kammala kafin azahar a kuma riski ofisoshi a buɗe. Dokar wasa ba ta yarda a ɗauki sanduna fiye da 14 ba, kuma kamfanonin jirage da dama suna cajin jakar daban, don haka a tafiyar kwana biyu gara a yi hayar sanduna a can. Ladan mai ɗaukar jaka kuma a tambayi abin da aka saba bayarwa tun kafin bugun farko, a ƙara masa wani abu a kai, domin shi ne ya san kowane lungu na filin, ya kuma san ranar da kowane babban mutum yake zuwa.