Kujerar Baya Ma Tana Da Hakki

'Yan'uwa manoma, in ƙungiya ta zauna lissafin motarta, injin da taya su ke cinye kuɗin gyara. In wani ya ambaci majinginar kujerar baya, sai a ce wannan ado ne. Mu kuwa muna ganin ba ado ba ne, maganar rai ce.

Ku dubi aikin da mota ke yi a ƙasar Kaoje. Yau ta kai masara kasuwar Tsamiya, can bakin iyakar Binin. Gobe ta ɗauko takin zamani daga Bagudo. Jibi da tsakar dare ta ɗauki mace mai naƙuda zuwa asibiti. A ina ake kwantar da ita? A kujerar baya.

Majinginar nan ita ce katanga tsakanin mutane da kayan da ke cikin but. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne. Takin da ya zube yana jawo laima, yana cin ƙarfe. In ƙugiyoyin majingina sun yi tsatsa, direba kuma ya taka birki da ƙarfi, buhunan za su turo ta kan bayan mutane.

Saboda haka kada mu yarda da aikin rufa ido, wato a lulluɓe ruɓa da sabuwar leda. A kwance majinginar gaba ɗaya. Mai walda ya fara duba ƙarfenta da ƙugiyoyi da notuna, a kankare tsatsa, a shafa fenti. Sa'an nan mai ɗinkin kushin ya farke tsohuwar rigar, ya yanka sabuwa bisa awonta. A sa soso mai ƙarfi, gama mai araha ba ya daɗewa ya ke kwantawa. Mun fi son leda mai kauri, domin tana wankuwa bayan an ɗauki marar lafiya. Zafinta a watan Afrilu kuwa, zane ɗaya ya isa maganinsa.

Tun 1975, da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, masu wannan sana'a suka yawaita. Ba sai mun jira kujera daga Kwatano ba. Kuɗinmu ya tsaya hannun masu sana'armu.

Ma'aji, a taron kaka mai zuwa ka ware kuɗin wannan aiki kafin a raba riba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.