Don Allah Ku Bar Malam Ya Yi Waƙarsa

Yau ku yi mini afuwa, ba ci gaban littafi na zo da shi ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar da na tashi daga Ƙanƙara na je ta'aziyya Faskari, na kwana gidan wani abokina da muka yi sakandare tare.

Wannan bawan Allah tun muna aji biyu shi ne mai kaɗa mana benci yana rera waƙa, bayan kowane littafinsa na rubutu cike yake da baitoci. Wajen 2002, lokacin da waƙoƙin fim irin na Sangaya suka cika gari kuma kiɗan fiyano ya karɓe kasuwa a Kano, sai ya sayar da buhun masara huɗu ya tafi can don ya ɗora murya. Mai situdiyon ya karɓe kuɗi, ya yi ta yi masa yau da gobe har guzurinsa ya ƙare, ya dawo gida ba kaset ba kuɗi. Daga nan ya jefa littafin waƙoƙin cikin adaka, ya kama koyarwa a firamare da ɗan nomansa, ya tara iyali.

To yanzu ga shi ya dawo wa waƙa, da furfura a gemu. Situdiyon nasa kuwa ɗakin da yake ajiye hatsi ne. Ya rataya barguna a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ga waya, ga ɗan makirufo, ga ƙaramar sola ta caji. Sai dare ya raba, janareton maƙwabta ya yi shiru, sannan ya shiga. Babban ɗansa ke haɗa masa kiɗa a wayar, in an gama a tura wa abokai ta WhatsApp. Abin da ya gagare shi da buhu huɗu, yau ya samu a ɗakinsa.

Amma fa tuni surutu ya tashi. Wai malami guda da girmansa zai koma roƙo? Har daga dangin matarsa na Sabuwa an aiko ana yi masa nasiha. A nan ne nake so in sa baki.

Da farko dai, ba kowace waƙa ce roƙo ba, kuma ban san inda aka yanka wa waƙa shekaru ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna nan kusa da mu a Funtuwa, bai bar waƙa don ya manyanta ba, da sunan mawaƙi ya koma ga Allah a 1999. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa duniya wa'azi. Aminu Ala kuwa ɗan'uwanmu ne marubucin littattafai kafin a san shi da waƙa. Mu marubuta mun san zafin irin wannan gorin, don mu ma an ce ɓata tarbiyya muke yi, har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a 2007.

Na biyu, wa zai ba da labarinmu in ba mu ba? A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abokina ya ce mini a watannin nan na shiru ne ya buɗe adaka ya ɗauko littafinsa, domin abin da ke cinsa a zuci ba shi da wanda zai faɗa wa. Na saurari waƙoƙinsa uku. Ɗaya kan gonar gado da ya daina zuwa, ɗaya kan kasuwar Sheme yadda ya san ta yana yaro, ɗaya kan uwar da ke jiran ɗanta. Wallahi ta ukun ban iya ƙarasa ta ba. Jarida takan kawo adadin mutane ta wuce, amma wannan muryar wanda abin ya shafa ce, jikoki za su ji ta.

Ban ce babu abin tsoro ba. Sauƙin ɗaukar waƙa ya sa kowa ya zama mawaƙi, an cika mana kunne da zagi da habaici da batsa. Don haka na ce masa, abokina, ka tsare harshenka, kada ka kama sunan kowa, kada kuɗin cefane ya tafi a sayen kaya, kada kuma waƙa ta sa ka makara salla ko aji. In ya kiyaye waɗannan, ban ga laifin da ya yi wa kowa ba.

Ku kuma masu surutu, ku fara saurara tukuna sannan ku yanke hukunci. Wanda kuma yake da irin wannan littafi a ƙasan adaka, ya kakkaɓe ƙurarsa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.