Ina Amfanin Gasar Da Aka San Mai Cinta?

Jama'a, yau zan ɗauke ku zuwa ƙasashen Turai in ba ku labarin wata gasa ta wasan ƙwallo, wadda na tabbata yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin ko sunanta ba. Wasan shi ne kofbol, gasar kuwa ita ce ta neman zakaran Turai. Tun daga shekarar 1998 da aka fara ta har zuwa 2024 an yi ta sau 9, kuma duk sau 9 ɗin ƙasar Holan ce ta koma gida da kofi. Da na gaya wa wani abokin aikina haka sai ya kwashe da dariya, ya ce, "To, Malam, me zai hana a riƙa aika musu da kofin ta gidan waya, kowa ya huta da ɓarnar kuɗin jirgi?" Ni ma na yi dariya, amma ban yarda da maganarsa ba. Dalilin rashin yardata shi ne abin da na ke so in shimfiɗa muku.

Sai mun san wasan tukuna kafin mu san gasar. Malamin makaranta ne ya ƙago shi, sunansa Nico Broekhuysen, yana koyarwa a birnin Amsterdam. A shekarar 1902 ya tafi wani kos a wani wuri da a ke kira Nääs a ƙasar Suwidin, can ya ga ana wani wasa na jefa ƙwallo cikin zobe da aka ɗaura bisa sanda. Da ya komo gida sai ya cire zoben ya sa kwando marar gindi, ya gyara dokokin yadda yara za su iya. Kwando da harshensu shi ne korf, daga nan sunan ya fito. Kada fa a haɗa shi da ƙwallon kwando na mutanen Amurka, wannan dabam, wancan dabam.

Abin da ya dami malamin nan shi ne ajinsa akwai maza akwai mata, yana kuwa neman wasan da zai fitar da aji duka fili, ba wanda zai koma gefe yana kallo. Saboda haka dokokin da a ke bi har wa yau duk suna da ƙanshin aji. Kowane gefe mutum 8 ne, maza 4 mata 4 (da fari 12 ne, daga baya aka rage). Filin mita 40 ne tsawonsa, mita 20 faɗinsa, an raba shi biyu, rabi masu kai hari rabi masu tsaro. Kwandon yana bisa sanda mai tsawon mita 3 da rabi, watau kusan ƙafa 11 da rabi, ba allo a bayansa, sandar kuma tana cikin fili, don haka ana iya jefawa ta kowace fuska. Ba a gudu da ƙwallo, ba a tafiya ana buga ta a ƙasa. Namiji ba ya tsare mace, mace ba ta tsare namiji. In abokin hamayya ya matso kusa da kai, yana tsakaninka da sanda, yana fuskantarka, ya ɗaga hannu don ya tare, to, an haramta maka jefawa, sai ka miƙa wa wani. In an ci ƙwallo biyu kuma sai a yi musanya, masu hari su koma tsaro, masu tsaro su koma hari. Kun ga ke nan an ɗaure ƙato, an ɗaure mai son kai. Wanda ya fi kowa tsawo ba zai iya kwasar ƙwallo daga wannan kai zuwa wancan shi kaɗai ba, ko yana so ko ba ya so sai ya yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen Holan suka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasarsu a 1903, ko da ya ke manya da yawa a lokacin sun yi ta sukarsa, suna cewa haɗa maza da mata a fili ɗaya rashin ɗa'a ne. An nuna shi a wasannin Olimfik na Antwerp a 1920 da na Amsterdam a 1928, nuni kawai ba don lambar girma ba. Maƙwabtansu mutanen Baljiyam suka kafa tasu ƙungiyar a 1921, sa'an nan a 1933 su biyun suka haɗu a Antwerp suka kafa ƙungiyar duniya. Duniya fa aka ce, amma shekaru da dama daga Holan sai Baljiyam. Ingila ta shigo a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gasar duniya ba ta samu ba sai 1978, sa'ad da ƙungiyar Holan ta cika shekara 75.

A lura da wannan, gasar duniya ta girmi ta Turai da shekara 20. Ni a ganina dalili shi ne, muddin yawancin masu zuwa gasar duniya Turawa ne, ba a bukatar wata dabam. Amma da wasan ya kama ƙasashen Asiya, har aka kai gasar duniya birnin Delhi na Indiya a 1995, sai ya zama ƙananan ƙasashen Turai suna bukatar filin da za su gwada ƙarfinsu tsakaninsu. Aka yi ta farko a Estoril ta ƙasar Fotugal a 1998. Holan ta zo ta ɗaya, Baljiyam ta biyu, masu masauki suka zo na uku. Daga nan aka yi ta kewayawa: Terrassa a yankin Kataloniya na Sifen a 2002, Budapest a 2006, Holan a 2010, Maia ta Fotugal a 2014, Dordrecht a 2016, lardin Friesland na Holan a 2018, Antwerp a 2021, sa'an nan aka sake komawa Kataloniya a 2024.

Wanda ya dubi sunan na ɗaya kaɗai zai ce ba abin da ya faru cikin shekarun nan 26. Amma mu malamai mun sani, in kana so ka san lafiyar aji, sakamakon jarrabawa daga tsakiya a ke fara karanta shi. A 2002 ƙasar Cek ce ta kai wasan ƙarshe, ta bar Baljiyam a matsayi na uku. Ku tuna fa, Baljiyam ta yi shekara 80 tana wasan a lokacin. A 2018 kuma abin ya fi haka ban mamaki: Jamus ta zo ta biyu, Fotugal ta uku, Baljiyam ta tashi ta huɗu, ba ta sami ko lambar tagulla ba. Da an bi shawarar abokina an aika da kofi ta gidan waya, yaya Jamus za ta san ta kai nan? Yaya kuma Baljiyam za ta san ta yi barci? Ga shi kuwa a shekarar da ta biyo, 2019, a gasar duniya da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu, sai ga Baljiyam ta farfaɗo ta kai wasan ƙarshe, ta kuma sake zuwa ta biyu a Turai a 2021 da 2024. Kunyar 2018 ta yi mata magani.

To, me ya sa Holan ba ta faɗuwa? Ba wani asiri. Suna da kulob ɗaruruwa a birane da ƙauyuka, yaro yana fara wasan tun yana ƙaramin ɗan makaranta, sau da yawa a kulob ɗin da uwarsa da ubansa suka yi wasa. Tun 2005 suna da babbar gasa ta cikin gida wadda wasanta na ƙarshe ke tara mutane dubbai a zaure ɗaya. A Ingila kuwa, alal misali, da yawa daga cikin masu wasan sai da suka shiga jami'a suka fara riƙe ƙwallon. Wanda ya fara yana ɗan shekara 6 da wanda ya fara yana ɗan shekara 19, ai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Duk da haka kada a ce ba su kayuwa. Gaba da gabanta, a 1991 Baljiyam ta ka da su a gasar duniya a Antwerp, ta ɗauki kofi. Sau ɗaya ke nan, amma sau ɗayan ya isa ya nuna mutane ne ba aljannu ba.

Ban ce babu illa ba. Akwai, kuma ba ƙarama ba. Ɗan kallo yana biyan kuɗinsa don ya ga abin da bai san ƙarshensa ba, in ya riga ya sani sai ya zauna gida. Masu ba da kuɗi su ma haka. Kwamitin Olimfik na duniya ya amince da ƙungiyar kofbol tun 1993, amma wasan bai koma filin Olimfik ba tun nunin nan na 1928, ni kuwa ina zaton rinjayen ƙasa ɗaya yana cikin abubuwan da ke tauye shi. Akwai kuma illar da ta fi taɓa ni, watau ta yaran da a ke ɗaukowa daga ƙasar da wasan bai daɗe ba, a tsayar da su gaban gwanaye a yi musu cin ƙasƙanci a gaban jama'a. Irin wannan kaye ba ya koya wa mutum kome, karya zuciya kawai ya ke yi.

Wannan ya kawo mu kan babban canjin da aka yi wa gasar. A 2010 da 2014 ƙasashe 16 ne suka taru wuri ɗaya, manya da ƙanana. Daga baya sai aka raba ta gida biyu, rukunin A da rukunin B. A 2021 ƙasashe 8 na sama suka yi tasu a Antwerp, na biye da su kuwa suka yi tasu a Wroclaw ta ƙasar Folan. Mu da mu ke aikin makarantu ba baƙon abu ba ne wannan, shi ne raba aji ɗaya zuwa A da B bisa ga ƙoƙari, kuma mun san alherinsa mun san sharrinsa.

Na taɓa zuwa duba wata makaranta inda aka yi irin wannan rabo. Shekara ta fari abin ya yi kyau ƙwarai. Yaran B waɗanda a da ba su ɗaga hannu, don tsoron kada haziƙai su yi musu dariya, suka fara magana, har wani a cikinsu ya ɗanɗani zuwa na ɗaya karo na farko a rayuwarsa. Da na komo bayan shekara uku sai na tarar ba yaro ko ɗaya da ya tashi daga B ya koma A. Malaman da suka fi ƙwarewa duk an tura su A, littattafai sababbi A, har kujeru masu lafiya A. Yaran B sun saba da sunansu, na ɗayansu yana ganin ya gama karatu alhali kuwa bai kai na ashirin a ɗaya ajin ba. Na rubuta rahoto mai zafi, amma laifin har da ni, don ni na sa hannu a kan rabon tun farko ban ɗora sharaɗin kome ba.

Saboda haka ina goyon bayan raba gasar Turai, amma da sharaɗi. Rukunin B wurin koyo ne, kada ya zama wurin ajiya. Da na gaba a ke gane zurfin ruwa, ƙasar da ba ta taɓa tsayawa gaban Holan ba kuwa ba za ta san saurin da a ke miƙa ƙwallo a sama ba, ko da ta ci kofin B sau goma. Ku dubi Taiwan. A gasar nahiyarsu ta Asiya da Oshiyaniya ita ce Holan ɗin wurin, kusan kullum ita ke ci. Da ta tsaya nan da ta ruɗi kanta. Amma shekara da shekaru tana fita tana karawa da Holan da Baljiyam tana shan kaye, har ta wuce Baljiyam ta zo ta biyu a Wasannin Duniya na 2017, ta kuma sake zuwa ta biyu a gasar duniya da aka yi a birninta Taipei a 2023.

Nauyi mafi girma yana kan Holan kanta. Ƙungiyar duniya tana da ƙasashe kimanin 70 yanzu, ofishinta kuwa a Holan ya ke, can masu horarwa su ke, can kuɗin ya ke. Gaskiya ne suna aika masu horarwa ƙasashe dabam dabam, a yaba musu. Sai dai mai horarwa da zai zo mako biyu ya koya wa manya dabara ya koma, amfaninsa kaɗan ne. Wasan nan daga hannun malamin makaranta ya fito, ta hannun malamai kuma zai yaɗu. Da ni ne mai ba su shawara, da na ce su kai ƙarfinsu kwalejojin horon malamai na Folan da Hungari da Turkiyya da sauransu, don malami ɗaya da ya iya wasan zai koya wa aji sabo kowace shekara har ya yi ritaya. Kayan aikin kuwa ba su da yawa, sanda biyu ne da kwando biyu da ƙwallo.

Ga masu shirya gasar kuma, roƙona biyu ne. A tabbata kowane zagaye wadda ta ci rukunin B ta hau A ba tare da wani dogon sharaɗi ba, wadda ta zo ƙarshe a A kuma ta sauka, kome tsufanta a wasan. Sa'an nan tsakanin gasa da gasa a shirya wa ƙasashen B wasannin sada zumunta da kulob-kulob na Holan da Baljiyam waɗanda ƙarfinsu ya ɗara nasu kaɗan, yadda za su sha kayen da a ke koyon abu a cikinsa. In an yi haka, a bar Holan ta ci gaba da ɗaukar kofinta har ran da wani ya isa ya karɓe. Ni dai in gasa ta gaba ta zo, wasan neman na uku zan fara tambaya, sa'an nan in tambayi wace ƙasa ce ta hau daga B.