Firfitowar ido ba aikin iska ba ce

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a daina barin masu cutar Graves suna yawo tsakanin masu ruƙiyya da masu magani a gefen titi. Cuta ce da garkuwar jiki ke tunzura ƙwayar tayiroid da ke wuya ta riƙa aiki fiye da kima, kuma ta fi kama mata. Za ka ga baiwar Allah tana cin abinci amma tana ramewa, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa ko kofin shayi ba ya tsayuwa, ga zufa ko da sanyin hunturu. Idanu su firfito, su bushe kamar an zuba yashi, wata har ta riƙa ganin abu biyu-biyu. Sai a ce sammu ne, ko a ɗauka maƙoƙon ƙarancin aidin ne. Jinkirin nan na iya taɓa zuciya, ya kuma lalata gani.

Abin takaicin shi ne gwajin jini na TSH da T4 na taimakawa wajen gano ta, kuma maganin carbimazole na shawo kanta, sai dai yakan ɗauki wata 12 zuwa 18, abin da ya fi ƙarfin aljihun talaka. Don haka gwamnatocin jihohi su kai gwajin zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi, hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta tabbatar inshora ta ɗauki nauyin magani da ganin likitan ido. Masu cutar su guji taba sigari, domin tana tsananta ciwon idon. Iyalai kuma su daina tsangwama, su kai mara lafiya asibiti da wuri.