Ƙanjamau Na Cin Ƙauyuka a Ɓoye

Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma yawan matan ya ninka na maza. A jihar Binuwai, wadda ake yi wa kirari da rumbun abincin ƙasa, adadin ya doshi kashi 5. Mu a wannan jarida, shekarun nan ne suka fi tayar mana da hankali, domin masu su ne ke riƙe da fartanya.

Idan magidanci ya kwanta da damina, gonarsa ba ta samun noman farko, balle maimai. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a bi masu magani ana cewa sammu ne. Ranar da ya cika, 'yan'uwa su raba abin da ya rage, marayu su koma hannun kaka wadda ita kanta neman mai tallafa mata take yi. Yara mata a cire su daga makaranta a ɗora musu talla. Matar kuwa, da ta fita takaba sai wani ya aure ta ba gwaji, ta shiga cikin kishiyoyi. Laifin ma a kanta ake jibgawa, ba a tambayar inda maigidan ya yi cirani.

Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 abin yabo ce. Sai dai wanda sakamakonsa ya fito ba daɗi, ina zai nufa? Maganin rage kaifin cutar kyauta ne, amma kuɗin mota zuwa babban asibiti ba kyauta ba ne, ga tsoron kada ɗan gari ya gan ka a layi. Mai ciki da ta haihu a hannun ungozoma ba tare da awo ba tana iya shafa wa jaririnta cutar da magani zai tare.

Dakatar da tallafin waje da Amurka ta yi a Janairun 2025 ya tona yadda muka jingina da aljihun wasu. Muna kira ga gwamnonin jihohi su sa kuɗin maganin a kasafinsu, su kai shi ƙananan asibitocin mazaɓu, a riƙa ba majinyaci na wata uku zuwa shida a lokaci guda. Limamai da dagatai kuma su daina ɗaura auren zawarci sai sun ga takardar gwaji.