Kicin Ɗin Anti: Girkin Ɓeran Faransa A Tukunyar Dutse

 Ina gaida amare da uwayen gida, da 'yan matan da ke fakon aure, har da ku samarin da ke leƙo shafin nan a ɓoye. Mun gan ku!

Wata ƙanwata, amarya a unguwar Takur da ke Dutse, ta aiko mani da kuka. Wai dangin miji za su zo mata yini, ga kuɗin cefane bai taka kara ya karya ba, ita kuma so take ta jera teburi irin na fim: kaji, soyayyar shinkafa, lemon kwali. Na ce, haba 'yar nan! Ke ba ki lura a fim ba a cinye abincin nan? Jarumi ya yi loma biyu, sai a buga masa waya, ya miƙe ya fice. Kar ki ci bashi don kwaikwayon teburin da aka jera wa kyamara.

In fim ɗin za ki kwaikwaya, ga wanda ya dace. Kun tuna Ratatouille, katun ɗin kamfanin Pixar na 2007, wanda ya ci kyautar Oska a 2008? Labarin wani ɓera ne mai suna Remy da ya ƙware a girki a birnin Faris. A gidanmu dai muciya zai sha, amma a fim shi ne oga. Abincin da ya kayar da babban mai sukar girki da shi ba nama ba ne. Kayan lambu ne zalla, aka yayyanka, aka jera kan miyar tumatir, aka gasa. Asalinsa cimar manoma ce a kudancin Faransa, wajejen birnin Nis.

Su Turawa a watannin zafinsu suke yin sa, don lokacin ne lambunsu ke nuna. Mu namu lokacin shi ne na noman rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'ar da tumatirin fadama da na kwarin Haɗeja ke cika kasuwar Shuwarin da ta cikin Dutse, har wani ya ruɓe a kwando. Wadda ta ga 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, ta san arahar tumatir ba ta dawwama. In kuma damina ce, ya yi tsada, ki jiƙa kauɗar tumatir ki haɗa da na gwangwani ɗaya.

KAYAN HAƊI (na mutum 6)

Tumatir manya 12, yalo 5, dankalin Turawa 5, kabewa yanka 1 madaidaici, albasa 3, tattasai 4, attarugu 2, tafarnuwa ƙwaya 4, man gyaɗa ludayi 1, daddawa kaɗan, magi, gishiri, masoro da tayim.

YADDA AKE YI

Da farko uwargida ki markaɗa tumatir 8 da tattasai 2, attarugu, tafarnuwa da albasa 1. Ki soya a rabin man, ki sa daddawa da kayan ɗanɗano, ki bar shi a wuta sai ruwan ya tsotse, tsamin ya fita, mai ya taso sama. Nan ne sirrin. Ranar da na fara yi garaje na yi, na zuba miya tsululu. Da na buɗe sai na tarar da kayan lambu suna iyo kamar kwale-kwale a dam ɗin Warwade. Kayan lambu da kansu suna fitar da ruwa, don haka miyarki ta yi kauri.

Sai ki yanka yalo zagaye-zagaye, ki barbaɗa gishiri, ki ajiye minti 20, ki ɗauraye ki tsane. Wannan zai rage masa ɗaci da ruwa. Dankali kuwa ki yanka shi siriri fiye da kowa, don shi ne mai taurin kai wajen nuna. Kabewa ki fere, ki yi mata yanka mai ɗan kauri, kar ta narke. Sauran tumatir, albasa da tattasai su ma zagaye.

Ki samu kwanon ƙarfe mai zurfi, ban da roba ko mai hannun roba. Ki shimfiɗa miyar a ƙasa, ki jera kayan a tsaitsaye, ɗaya na jingine da ɗaya: yalo, tumatir, dankali, albasa, kabewa, haka har kwano ya cika. Ki yaryaɗa sauran man, ki barbaɗa gishiri da tayim, ki rufe.

Mai obin ta sa a maki 180, minti 40 a rufe, minti 20 a buɗe don sama ta yi ja.

TO WADDA BA TA DA OBIN FA?

Kwantar da hankalinki, yadda ake gashin kek za ki yi. Ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, kamar tsawon ɗan yatsa, ki ɗora a garwashi minti 15 ya yi zafi. Ki sa duwatsu uku ƙanana a kan yashin, ki ɗora kwanonki, ki rufe tukunya, ki zuba garwashi kan murfin. Wuta sama, wuta ƙasa, amma ta ƙasa kar ta yi yawa. Bayan minti 45 ki cire murfin kwanon ciki, ki mayar da na tukunya, ki ƙara minti 20. In cokali mai yatsu ya shige dankali ba gardama, ya yi.

Gargaɗi, kuma ba wasa nake ba: gawayi a tsakar gida ake hura shi. Kar sanyi ya sa ki shige ɗaki da shi ki rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

In kin sauke ki bar shi ya huta minti 10, miyar ta kama jikinta. Ana ci da farar shinkafa, ko dafaduka, ko gurasa, ko burodi. In maigida irin mutanen nan ne da ba sa ganin abinci sai da tsoka, ki fasa ƙwai 4 a sama saura minti 10 ki sauke, ko ki marmasa busasshen kifi a miyar. Bayan an ci, ki kawo dabinon Dutse a faranti, tunda a gida yake.

Ita ƙanwar tawa ta gwada. Ta ce surukarta ta daɗe tana kallon kwanon kafin ta sa cokali, daga baya ta ce a zuba mata saura ta tafi wa Malam da shi. Ba ta ci bashin ko sisi ba.

Ke ma ki gwada, ki rubuto mani yadda kika ƙare, ko da ƙonewa ya yi. A fitowa ta gaba za mu duba yadda ake shanya tumatir ya yi kyau ba tare da ƙura da ƙuda ba. A ci daɗi lafiya.

Taku har kullum,
Anti