Yaran Agege ba su san hanyar dajin Lekki ba

Tun 1990 gidauniyar NCF ta killace wani daji mai faɗin hekta 78 a Lekki, kuma har yau makarantu na kai ɗalibai can. Yara su hau gadar sama mai tsawon mita 401, su ga birai, a nuna musu yadda fadama ke shanye ruwan sama kafin ya shiga gidajen mutane.

Ni a Agege na yi sakandare, amma sai da na girma na taka wurin. Kuma wallahi mu ne muka fi buƙatar wannan karatu. Duk wanda ya taso kusa da mayankar Oko-Oba ya san inda jini da kashin shanu ke gangarawa in damina ta sauka, ya san warin kwata. Yaranmu a ciki suke wasa.

Ba na ganin laifin gidauniyar. Wa zai ɗauki hayar mota? Ƙungiyoyinmu na kara suna tara kuɗi, amma bikin naɗin sarauta ke cinye su. Kuɗin sa guda ya isa a kai aji ɗaya, har da abincinsu.

Tarihinmu ma haka yake. Ɗalibai nawa ne suka san an zaunar da sojojin Hausawa a Obalende zamanin Turawa? Na yi wa Baba maganar buɗe asusu, ya ce in kawo ta taron ƙungiya bayan Sallah.